Ruwanka Ne Zai Zaɓa Maka Kifi

Kududdufan da muka tashi muka gani a Kano sun kusa ƙarewa. An cike su da shara, an bi da jar ƙasa, an ɗora shaguna a kai. Duk wanda ya yi wayo a zamaninmu ya san yadda yara ke zama a bakinsu da ƙugiya da tana, ya kuma san faɗan da ake sha a gida idan aka dawo da jiƙaƙƙen wando. Ruwan ya tafi, amma kifi ya dawo mana ta wata ƙofar. Ka shiga sabon gida a unguwannin masu hali, sai ka tarar an haƙa ɗan tafki a tsakar gida an liƙe shi da shuɗin tayil. Ka shiga falo, ko otal, ko ɗakin jira na asibiti, ga akwatin gilashi da fitila da kifaye masu launi. Har a bakin titi ana sayar da jan kifi a ƙulle cikin leda, rana tana dukansa.

Ban ƙi abin ba. Kallon kifi yana sanyaya rai, kuma yaron da bai taɓa ganin gulbi ba ya fi kyau ya ga kifi a gilashi da a ce bai san shi ba sai a cikin miya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan mutuwar da ake yi a waɗannan ruwaye. A sayo yau, mako bai zagayo ba a wayi gari sun taso ciki sama. Sai mai gida ya ce kifin ba shi da ƙwari, ko mai sayarwa ya cuce shi, ko kambun baka ne. A zubar, a sake sayowa. Ba wanda ke tsayawa ya tambayi ruwan, alhali ruwanka ne zai zaɓa maka kifi, ba idonka ba.

Na ji wannan magana ne tun ina saurayi, lokacin da aiki ya kai ni Yawuri, 'yan shekaru bayan an kammala madatsar Kainji a 1968. Akwai wani tsohon Basarke da nake zama wurinsa da yamma yana gyaran koma. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san gidan kowane kifi. Tsage yana son sararin ruwa inda zai yi farauta, giwan ruwa yana son zurfi, kurungu yana bin ƙasa, wani irinsa ma da baya yake iyo, ciki a sama. Tarwaɗa ba ta ƙin taɓo. Gaiwa kuwa idan fadama ta ƙafe sai ta nutsa cikin laka ta naɗe kanta, ta yi watanni tana shaƙar iska har damina ta dawo. Yakan ce mini, "Samari, ka nuna mini ruwa, ni in gaya maka wanda ke ciki." Irin waɗannan dattawa sun tafi da iliminsu. Mu da muka iya riƙe alƙalami a lokacin muna ganin sanin kifi ba ilimi ba ne, kuma wannan asara har yanzu tana yi mini ciwo, domin jikokinmu yanzu daga waya suke koyon sunan kifin Japan, ba su san na Gulbin Kwara ba.

To, mene ne ruwanka? Fara da wuta. Yawancin kifayen ado da iskar da ta narke a cikin ruwa suke numfashi, kuma a akwatin gilashi famfon iska da na'urar tace ruwa ne ke motsa ruwan iskar ta shiga. Idan aka ɗauke wuta daga magariba zuwa asuba, ba ka da sola ba ka da batir, to ka riga ka rage jerin kifin da ya halatta ka ajiye. Ƙari a kan haka, ruwan zafi bai riƙe iska yadda mai sanyi ke riƙewa. A watan Afrilu, da zafin Kano ko Sakkwato ke kai digiri 40, kifin yana ƙara buƙatar iska a daidai lokacin da ruwan ke da ƙarancinta. Idan ka ga sun taru a saman ruwa da asuba suna buɗe baki, ba yunwa suke ji ba, shaƙewa suke yi, kuma zuba musu abinci a wannan hali ƙara musu azaba ne. Abin da ya sa tarwaɗa ta zama sarauniyar masu kiwo a ƙasar nan ke nan: Allah ya yi mata wata kafa ta shaƙar iskar sarari, shi ya sa take rayuwa a inda wasu ke mutuwa.

Sai hunturu. Mutane suna mantawa da shi domin zafi ya fi daɗewa a ransu. A Disamba da Janairu ruwan da ba shi da zurfi yana yin sanyi ƙwarai da dare, rana ta fito ya ɗumame, dare ya yi ya sake faɗuwa. Wannan hawa da sauka shi ke karya kifi, sai ka ga fararen ɗige-ɗige sun feso masa a jiki. Tafkin tsakar gida yana son zurfin da ya kai mita 1 aƙalla, da inuwa a wani ɓangare nasa, ko ta rumfa ko ta ganyen bado. Amma kuma a nan dole in tsaya. Ramin ruwa mai zurfin mita 1 a gidan da ke da yara masu rarrafe da masu tatata hatsari ne babba. In ba za ka kewaye shi da shinge mai ƙofa ba, ka haƙura da tafkin gaba ɗaya.

Tambaya ta biyu, wadda kusan ba mai yi: wannan ɗan kifin, me zai zama? Mai sayarwa jarirai yake nuna maka. Jan kifin nan da ake kira golfish, wanda mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce, yana iya kai santimita 20 zuwa 30, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 10. Shi ne ake jefawa a cikin kwalba mai zagaye a ajiye a kan talabijin. Ga ci ga kashi, guda ɗaya ma bai kamata a ba shi ƙasa da lita 75 ba, wato jarka uku masu lita 25. Koi, ɗan Japan mai zanen ja da fari wanda masu kuɗinmu suka ƙwallafa wa rai, yana wuce santimita 60, yana yin shekaru gommai, kuma masu kiwonsa suna lissafa wa kowane babba ɗaya kusan lita 1,000, wato cikin tanki guda irin wanda muke ɗorawa a kan gini. Shi da golfish duk sun fi son ruwa mai sanyi-sanyi. Mutumin Jos zai ji daɗin kiwonsu fiye da mutumin Maiduguri, kuma kuɗi ba ya sauya wannan. Akwai oska, ɗan kogin Amazon, da ake sayarwa bai wuce ɗan yatsa ba, ya girma ya kai santimita 30 ya cinye abokan zamansa. Akwai baƙin nan mai manne baki a jikin gilashi, wanda ake cewa yana share akwati. Gansakuka yake ci, ba ya cin kashin kowa, shi ma nasa yake yi, kuma yana iya wuce santimita 40.

Wani yaro ɗan maƙwabcina ya gina tafki mai kyau, ya kashe kuɗi sosai, ya zuba koi ƙanana. Daga baya wani ya ba shi 'ya'yan tarwaɗa kyauta, ya haɗa su. Bayan wasu watanni ya same ni a ƙofar gida, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, kifayena raguwa suke yi, ko sata ake mini?" Na ce, "Ɗana, mai ɗaukar yana cikin ruwan." Tarwaɗa da dare take kiwo, ta fi koi saurin girma nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har ƙannenta. Wannan doka ce ta kusan dukkan kifi: dubi faɗin bakin babba, dubi jikin ƙarami, ka san ko za su kwana tare. Ban da wannan akwai zalɓe, akwai mage, waɗanda tafki marar zurfi da marar maɓoya ke yi wa shimfiɗar abinci.

Kullum ina faɗa wa mutane su dubi kifin gida kafin na waje, kuma ina nan a kan bakana. Abin takaici ne a ce ana kwasar kifayen kogunan Najeriya daga Legas ana kai wa masu akwatin gilashi a Turai da Amurka, irin su mai doguwar haɓar nan da ke laluben abinci da 'yar wutar jikinsa a cikin duhun ruwa, da ɗan ƙaramin dangin karfasa mai jan ciki na kudancin ƙasar nan, mu kuma muna biyan kuɗi mai yawa a kawo mana na wasu. Kurungu ƙarami yana da juriya, yana da ban sha'awa, ya san zafinmu ya san hunturunmu. Amma kada wani ya ɗauki maganata ya je Argungu ko Baga ya kwaso duk abin da ya gani. Yawancin kifinmu sun fi ƙarfin gilashi. Karfasa tana tonon ƙasa, tana tumɓuke tsiro, ga faɗa, ga haihuwa. Uwar tana goyon ƙwai a bakinta, kafin ka farga tafkin ya cika da ƙanana da ba sa girma. Minjirya za ta jijjiga hannun yaro. Bargi da yauni da giwan ruwa kifin gulbi ne, a bar su a gulbi. Don haka mai farawa, ko da yake na gama yabon na gida, baƙo zan nuna masa: gufi, ɗan ƙaramin kifin nan mai wutsiya kala-kala daga Kudancin Amurka. Bai cika wuce santimita 5 ba, yana jure ɗumi, 'ya'ya yake haifa ba ƙwai ba, kuma yana cin tsutsar sauro, abin da ya sa aka kai shi ƙasashe da yawa. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, duk mai ajiye ruwa a tsakar gida wajibi ne ya sa abin da zai cinye tsutsar. Akwai kuma beta, ɗan Tailan mai dogon fiffike, wanda ke haɗiyar iska daga saman ruwa, don haka ɗaukewar wuta ba ta kashe shi da wuri. Sharaɗinsa ɗaya: maza biyu ba sa zama wuri guda.

Gaggawa ita ce cutar wannan zamani, kuma ita ce ta fi kashe kifi. Mutum ya sayi akwati da safe, ya cika shi da ruwan famfo da rana, ya zuba kifi 20 da yamma domin baƙi za su zo. Ai ba a kawo amarya kafin a yi jere. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin mai ƙona mashaƙar kifi, sai an bar shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu, ko a sa maganin da ke kashe kulorin ɗin. Sabon siminti yana fitar da kaifi mai kisa, sai an jiƙa tafkin an zubar, an sake jiƙawa, na tsawon makonni. Sannan akwai abin da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce gare shi, kuma wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zama a cikin soson tacewa da tsakuwa suke sauya ta zuwa abin da ba shi da illa sosai. Kafin su yi yawa ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Shi ya sa ake farawa da kifi kaɗan, a ƙara a hankali. Shi ya sa kuma uwargidan da ta ga akwati ya yi datti ta kwashe komai ta wanke tas da sabulu, cikin kyakkyawar niyya, ta kashe masu yi mata aiki ne. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ake canzawa duk mako, a ɗauraye soson a cikin tsohon ruwan. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti 2 ya isa. A wurin saye, ka duba akwatin mai sayarwa duka: in akwai matacce a ciki, ko mai naɗe fiffike, ko mai soshe jiki da dutse, wuce. Wanda ka sayo, ka ware shi mako 2 kafin ka haɗa shi da na gida.

Abu na ƙarshe da ke tayar mini da hankali shi ne abin da ake yi idan an gaji. Kifi ya yi girma, ko sha'awa ta wuce, sai a ɗauka a juye a dam ko a rafi, a ce an yi masa rahama. Giwan ruwa namu ne, a Kwara da Binuwai da Tafkin Cadi yana zaune lafiya da maƙwabtansa. Da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen shafe ire-iren ƙananan kifi masu ɗimbin yawa da babu su a ko'ina a duniya sai can. Tsiron nan mai shuɗin fure da ya toshe hanyoyin ruwan Legas tun shekarun 1980 asalinsa daga Kudancin Amurka yake, kuma kyan furensa ne ya sa mutane suka yi ta yawo da shi ƙasa-ƙasa don ƙawata tafki. Masuntan Tiga da Haɗeja suna da isasshiyar wahala, kada mu ƙara musu da abin da muka gaji da kallo a falo. Ka ba wani mai kiwo, ko ka mayar wa mai sayarwa.

Mun sha ji a wurin malamai labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mage ma tana kuka a ji. Kifi ba ya kuka, ba ya iya tsallake katanga, kai ne daminarsa, kai ne gulbinsa. Don Allah, kafin ka miƙa kuɗi, auna litar ruwanka, lissafa awowin wutarka, ka tambayi girman da kifin zai kai. In lissafin bai fita ba, bar shi a wurin mai shi.