Yaya, a Bar Maɗacin Ƙofar Gida

Otawa, Kanada
Watan Oktoba

Zuwa ga Yayana,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Na zaɓi wasiƙa a kan waya domin nauyinka nake ji. Kana magana ina "to, to", sai an kashe in tuna ban faɗi abin da ke raina ba. Wancan makon ka ce magini ya auna ƙofar gida, shago uku za su fita idan aka sare maɗacin da Kakanmu ya dasa, ni kuma na ce babu laifi. Yaya, na janye wannan magana. Ka daure ka ji dalilina.

Litinin ta biyu a watan Oktoba ranar hutu ce a ƙasar nan, ranar godiya ce ta ƙarshen girbi, don su ma yanzu ne kakarsu. Wani abokin aikina ya ce in kwaso yara mu je kallon ganye. Sai da na sa ya maimaita. Muka haye kogin Otawa zuwa jihar Kebek, inda gandun dajin Gatino yake, daji ne da gwamnati ta keɓe, faɗinsa murabba'in kilomita 361. Tun daga bakin shiga motoci sun yi layi kamar na Zuba da safiyar Litinin. Tsofaffi da sanda, masu goyo, har da waɗanda ake turawa a keken marasa lafiya. Ba biki ake yi ba, ba kasuwa ke ci ba. Itatuwa kawai suka zo gani.

Gani ya kori ji. Da muka hau kan tudu na leƙa kwari, sai da na yi tasbihi ban sani ba. Daji guda kamar an cinna masa wuta amma babu hayaƙi. Wani ganyen ja ne jawur kamar garwashi, wani ruwan goro, wani kamar an kwara masa manja, wani ruwan ɗorawa, ga kuma wasu itatuwa masu ganye kamar allura da ba sa canzawa, suna tsaye kore shar a tsakani. Mafi ja a cikinsu ita ce mapul, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada tun 1965. Ita ce kuma ake tsagawa a ƙarshen hunturu a tari ruwanta, a dafa kusan lita 40 kafin a sami lita 1 ta wani zaƙi mai kama da zuma. Mutane da yawa a wurin, amma ba ka jin hayaniya. Wani dattijo kusa da ni ya fi rabin sa'a zaune a kan dutse, ko hoto bai ɗauka ba.

'Yarka ce ta yi min bayanin abin, don an koya musu a makaranta. Idan yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, bishiya takan daina ƙera koren sinadarin da ganye ke sarrafa hasken rana da shi. Sai ta janye amfanin da ke cikin ganyen ta adana a jikinta saboda hunturu. Launin rawaya dama yana nan tun farko, kore ne ya rufe shi. Ja kuwa sabo ne, daga sukarin da ya rage a ganyen ake yin sa, shi ya sa shekarar da aka sami rana mai haske da dare mai sanyi jan ya fi ƙuna. Daga nan sai gindin ganyen ya toshe, iska ta kaɗo shi. Duk kwalliyar ba ta wuce 'yan makonni.

A hanyar dawowa ta tambaye ni, "Baba, mu a Suleja waɗanne itatuwa ne da mu?" Na fara lissafa mata: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, rimi, ƙirya, marke, gurjiya, madobiya. Ina faɗa, suna dawo min ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna gurjiyar hanyar gona, yadda take kakkaɓe ganyenta tas cikin hunturu, sai ta fitar da jan fure a kan tsiraran rassa, Inna ta aike mu tsinto shi don miya? Ka tuna madobiya idan ta yi fure rawaya, ƙudan zuma suna ta guɗa a kanta? Tohon mangwaro fa, da ke fitowa ja-ja kafin ya koma kore? Ashe mu ma Allah yana canza mana launin daji kowace shekara. Mun san sunan kowace bishiya da maganin da take yi, abin da yawancin mutanen nan ba su sani ba game da nasu. Tsayawa a duba ne ba mu yi.

Shekara shida ina fita bayan asuba zuwa aiki Abuja, ina wuce Dutsen Zuma a Madalla safe da yamma. Dutsen da ke jikin naira 100. Da damina ya yi baƙi wuluk, ruwa na gangarowa a jikinsa, da hunturu hazo ya lulluɓe shi sai inuwarsa. Ban taɓa cewa direba ya tsaya ba, ban taɓa kai yarana gindinsa ba. Sai da na zo nesa na gane abin da na wuce.

Kada ka ce kallo irin wannan ɗabi'ar Turawa ce. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, a garinmu ta yi aiki tun daga 1954, a makarantar tukwane da Michael Cardew ya kafa. Ƙadangare da kunama da kifi da ta zana a jikin tulunanta, ai sai da ta zauna ta ƙura musu ido. Tun kafin Baturen ya san ta, Sarki Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fada saboda kyansu. Muna da idon, gaggawar neman abinci ce ta ɗauke mana shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kallon nasu bai tsaya a kallo ba. A birnin nan, babbar bishiya ko a cikin gidanka take, ba ka sare ta sai da izinin hukuma. Ganyen da ya zube ba a ƙonawa. A manyan buhunan takarda ake zubawa, motar shara ta kwashe a mai da shi taki. Sai na tuna buhunan gawayi da ke jere bakin titin Minna, daga Maje zuwa Lambata, da wutar da ake cinna wa daji duk rani saboda ɓera da gafiya. Madobiya kuwa, an yi ta lodin gungumenta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Ban ga laifin mai gawayi shi kaɗai ba, gas ya yi tsada, tukunya kuma dole ta hau wuta. Amma ƙiryar da aka ƙona a kwana uku ta fi mai ƙona ta shekaru.

Ba komai nasu ne abin koyi ba, kada ka zaci na ruɗe. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce, ta kai sa'ar Inna. Ita kaɗai take a gida, ita ke share ganyen farfajiyarta tana hutawa tana ci gaba. 'Ya'yanta suna wani gari mai nisa, sau ɗaya a shekara suke zuwa. Na tura ɗanka ya karɓi tsintsiyar, da ya gama ta miƙo masa kuɗi, ya ce a gidansu ba a karɓar lada a hannun tsoho. Ta tsaya tana kallonsa, idonta ya ciko. Sun iya riƙon bishiya, mu mun fi su riƙon tsoho, kuma ban ga abin da zai hana mutum ya riƙe duka biyun ba. Maɗacin nan ma ai a inuwarsa tsofaffin unguwa ke zama bayan la'asar. A nan aka raɗa min suna, a nan aka yi zaman makokin Baba. Ɓawonsa Inna ke jiƙa mana idan ciki ya murɗa, muna sha muna kuka saboda ɗaci. Idan ya faɗi, ina za a shimfiɗa tabarmar?

Na san nauyin da ke kanka. Kai ke riƙe da gida, ni ina nesa, kuma tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991 kowane taku na ƙasa a Suleja ya zama kuɗi. Garinmu ya ba wa Abuja sunansa, ya ba da filayensa, yanzu inuwarsa ake nema. Ga shawarata, in ka yarda: a gina shago biyu ta ɓangaren gabas, a bar wa maɗacin filinsa. Hayar na ukun ni zan riƙa biya duk shekara, a kan farashin da ake bayarwa a layin, kuma zan fara turowa a watan gobe. Reshen da ke taɓa wayar lantarki a sami mai hawa ya rage shi, kuɗin aikin ma a kaina. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk wanda ya amfana da dashen mutum, ladan na kai wa mai dashen. Kada mu yanke wa Kaka wannan.

In ka riga ka ba magini kafin alƙalami, ka gaya min nawa ne in mayar. Ka karanta wa Inna wasiƙar nan, abin da ta ce shi za mu bi. Idan bazara ta kama, maɗacin ya yi sabon toho, ka sa yara su ɗauko min hotonsa in nuna wa 'yarka.

A gaishe da Inna, da matan gida, da dattawan gindin maɗaci. Wassalam.

Naka,
Ƙaninka