Dutsen da Ake Hana Taurari Ƙyaftawa

Daga garin Hilo na bakin teku zuwa ƙololuwar Mauna Kea, a tsibirin Hawayi, tafiyar kamar awa biyu ce a mota, amma a cikinta mutum zai hau sama da mita 4,200. Ana yada zango a mita 2,800 don jiki ya saba da ƙarancin iska. Duk da haka, da muka isa sama kaina sarawa yake yi, taku goma sai haki. Ba itace, ba ciyawa, sai jan tsakuwar aman wuta, gajimare kuwa yana can ƙasanmu kamar audugar da aka shanya.

Wannan bushewar ce ta jawo masana falaki. Tururin ruwa yana shanye hasken infirared, wanda ido ba ya gani amma yake ratsa ƙurar sararin samaniya, a nan kuwa galibin tururin yana ƙasa da kai. Saura matsala guda. Ƙyaftawar taurari da muke sha'awa a tsakar gida, ga masani lahani ce: iska mai ɗumi da mai sanyi suna cakuɗuwa suna karkatar da hasken, kamar yadda kwalta take rawa da tsakar rana. Tagwayen madubin hangen nesa na Keck, kowanne mai faɗin mita 10, in aka bar su haka hotonsu dishi-dishi zai fito.

Horace Babcock ne ya kawo shawarar maganin tun 1953, amma sai 1999 aka fara aiki da shi a Keck. Wani ƙaramin madubi ne mai lanƙwasuwa, da 'yan turaku 349 a bayansa. Na'ura tana auna yadda iska ta murguɗa hasken wani tauraro, kwamfuta kuma ta lanƙwasa madubin ya warware murguɗar, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. In babu tauraro mai haske a kusa, sai a ƙirƙiro: a harba leza ta haska sinadarin sodiyam da ke kimanin kilomita 90 a sama. Da wannan Andrea Ghez ta bi sawun taurarin tsakiyar rukuninmu, ciki har da wanda yake kammala zagayensa a shekara 16, ta nuna suna kewaya baƙin rami mai nauyin rana kusan miliyan huɗu. Ta samu kyautar Nobel a 2020.

Ban ga lezar ba, kuma abin ya ɗan yi mini ciwo. Baƙi sukan sauka bayan faɗuwar rana, kada fitilun mota su ɓata aikin dare.

A gindin dutsen muka wuce mararrabar da 'yan asalin Hawayi suka tare a 2019, suka hana kai kayan ginin wani madubin mai faɗin mita 30. A wurinsu ƙololuwar nan wuri ne mai tsarki tun kakanni, kuma sun ce gine-ginen da ke kanta sun isa haka. Dattawansu ne suka zauna a kan titin, da dama kuma aka kama su. Aikin dai ya tsaya.