Riƙon alli

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina riƙe alli, ban taɓa lura da yadda nake riƙe shi ba sai da hannuna ya soma rawa. Abin ya faro kaɗan-kaɗan. Da safe in na tashi rubuta kwanan wata a saman allo, sai harafin farko ya fito a karkace kamar wanda aka rubuta cikin mota kan hanyar burji. Yaran aji shida kuwa ba a ɓoye musu komai. Wata rana na juyo na tarar da wani a bencin baya yana kwaikwayon hannun nawa, na kusa da shi sun toshe baki.

Likita ya duba ni ya ce ba ciwo ne mai kisa ba, amma kada in sa ran zai rabu da ni. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ina ɗaukar buhun hatsi, ina tuƙa babur, hannun lafiya lau. Ƙaramin aiki ne ke gagara: ɗigo, waƙafi, layin da ake ja ƙarƙashin lissafi. In yara suka zuba mini ido kuma sai abin ya ƙaru. Na rubuta takardar neman a maida ni aikin ofis, na ajiye ta ban sa hannu ba.

Ana cikin haka ɗana da ke karatu a Yamai ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, ya rubuta ƙarƙashinsa: “Baba, dubi yadda tsohon nan yake riƙe sandarsa.” Wani Bajamushe ne mai suna Bernhard Langer, ɗan wasan golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Ni ban taɓa riƙe sandar golf ba, kuma a ganina wasa ne na masu abin hannu. Amma na kalla, daga nan na shiga bin tarihin mutumin.

Ga wanda bai san wasan ba: ƴar ƙwallo ce ake bugawa da sanda har ta faɗa rami, ramuka 18 a zagaye ɗaya, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Bugun farko kan wuce mita 250. Na ƙarshe kuwa, a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, wani lokaci bai kai taku biyu ba, kuma a lissafi duk ɗaya suke. Akwai wata larura da ke kama wasu ƴan wasan a wannan ɗan gajeren bugu, suna kiranta yips. Hannu ne ke fizga da kansa daidai lokacin da sanda za ta taɓa ƙwallo. Mutum ya iya, ya yi sau dubu, amma hannun ya ƙi bin umarni. Ta raba ƙwararru da yawa da sana'arsu. Langer sau huɗu ta kama shi.

An haife shi a 1957 a ƙauyen Anhausen kusa da Augsburg, a kudancin Jamus. Mahaifinsa magini ne. Tun bai cika shekara goma ba yake hawa keke zuwa filin golf yana ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna a biya shi, a nan ya koyi wasan. Da ya gama makaranta ya je ofishin da ke ba matasa shawara kan aiki ya ce golf yake so ya yi sana'a, aka ce masa babu irin wannan sana'a a Jamus. Na yi murmushi da na karanta wannan, don na san da ni ne a kan teburin, amsar da zan ba shi ke nan. Yana ɗan shekara 15 ya kama aiki a matsayin mataimakin mai koyar da wasan, a 1976 kuma ya shiga gasannin ƙwararru na Turai.

Nan larurar ta fara kama shi, yana ɗan shekara 18, ba shi da kuɗi, ba shi da suna. Ya sha fama ya fita, ya ci gasarsa ta farko ta Turai a 1980. Ta dawo a 1982. Sai ya sauya riƙo, ya maida hannun hagu ƙasa da na dama, akasin yadda ake koya wa kowa. A 1985 ya ci Masters a Augusta ta Amurka, ɗaya daga manyan gasa huɗu na wasan, kuma da aka fara jera ƴan golf na duniya a 1986 sunansa ne na ɗaya.

Ta sake dawowa a 1988, yana kan ganiyarsa. Wannan karon ya ƙirƙiro riƙon da ba a saba gani ba: ya zura hannun hagu ƙasa kan sandar, ya sa na dama ya damƙe sandar haɗe da damtsen hagu, don wuyan hannu ya rasa wurin motsi. Riƙon ba shi da kyan gani ko kaɗan, kamar mai ɗaurin karaya. Da shi ya sake cin Masters a 1993. Karo na huɗu ya koma amfani da doguwar sanda mai kaiwa ƙirji. A 2016 hukumomin wasan suka hana jingina sanda a jiki, sai ya ɗan janye ta daga ƙirjin ya ci gaba.

Akwai ranar da ba a ba da labarinsa ba tare da ita ba. A 1991, a gasar Kofin Ryder tsakanin Turai da Amurka a tsibirin Kiawah, wasa duka ya rataya kan bugunsa na ƙarshe a karawarsa da Hale Irwin. Tazarar ba ta cika mita biyu ba. In ta shiga, kofi ya ci gaba da zama hannun Turai. Ƙwallon ta goge bakin rami ta wuce. Mako guda bayan haka ya je Jamus ya ci gasar German Masters.

A golf, mai shekara 50 yana iya komawa gasannin dattawa. Galibi zagaye uku ake yi maimakon huɗu, filayen kuma ba su kai tsawon na matasa ba. Da yawa sukan ɗan haskaka shekara huɗu ko biyar jiki ya ce ya isa. Langer, wanda ya ci gasa 42 a Turai, ya shiga ta dattawan Amurka a 2007. A 2017, shekarar da ya cika 60, ya ci gasa bakwai. A 2023 ya ci ta 46, ya wuce tarihin 45 da ke hannun Hale Irwin, mutumin nan na Kiawah. Farkon 2024 jijiyar agararsa ta tsinke aka yi masa aiki, amma a watan Nuwamba na shekarar ya ci ta 47 yana da shekara 67.

Ba zan ruɗi kaina ba. Langer yana da likitoci da masu horarwa da kuɗin da zai zauna wata da watanni yana gwada sanduna. Ni ina da aji mai yara fiye da sittin da kwalin alli ɗaya. Abin da na ɗauka daga wurinsa ƙarami ne: bai zauna jiran hannun ya warke ba, kuma bai ji kunyar riƙon da mutane za su yi wa dariya ba. Ni kuwa wata shida na yi ina ƙoƙarin riƙe alli yadda aka koya mini tun ina ɗalibin malanta, da yatsa uku, ina dannewa da ƙarfi don kada yara su gani. Dannewar ce ma ke ƙara rawar.

Yanzu da dunƙulen hannu nake riƙe shi, in sa hannun hagu in tallabe wuyan na dama, in rubuta manyan haruffa daga kafaɗa. Ranar farko na tsaya gaban aji na gaya musu dalili. Suka yi tsit. Wanda ya kwaikwaye ni ne ya ce, “Mushe, in ja maka layin?” Tun ranar shi ke jan layukan lissafi.

Abin da ya fi damuna ya zo daga baya, da na tuna yaran da suka wuce ta hannuna. Kowane malami ya san irinsu. Yarinya ta iya karatu, a gida tana karanta wa ƙannenta, aikinta na littafi babu gyara, amma da an ce ta fito gaban allo sai murya ta ɗauke, alli ya riƙa ƙwanƙwasa allo. Shekara talatin ina ce wa irinsu ba su yi bita ba. Wasu na tsayar da su a gaban aji har sai sun yi kuka, ina ganin maimaitawa ce magani. Iyaye ma in an kai musu ƙara sai su ƙara da nasu faɗan a gida. Ban taɓa tambayar kaina ko akwai wata hanyar da yaron zai nuna mini abin da ya sani ba.

Bana ina da guda ɗaya irinsu. Na daina kiranta gaban allo tukuna. Tana rubuta amsa a ƙaramin allonta tana zaune, ta ɗaga in gani. In karatu ne, takan zo kusa da teburina ta karanta mini ƙasa-ƙasa yayin da sauran ke aiki. Makon jiya na sa ta karanta wa ƴan bencinta su uku, ta kai ƙarshen shafi, sau ɗaya ta tsaya. Mahaifinta ya zo ya tambaye ni ko ba shagwaɓa ta nake yi ba, tunda ranar jarrabawa babu mai lallashinta. Na ce masa jarrabawar a zaune ake rubuta ta, sauran kuma za mu bi a hankali. Bai gamsu sosai ba, amma ya ce in ci gaba zuwa hutu mu gani.

A watan Afrilun 2025 Langer ya buga Masters ɗinsa na ƙarshe, karo na 41. Bugu ɗaya ya hana shi tsallakawa zuwa kwana biyun ƙarshe. Ɗana ya turo mini wannan bidiyon ma, ya haɗa da tambayar ko na kai takardar nan ta ofis. Na ce masa tana nan cikin akwati, kuma darakta ya riga ya sa sunana a aji shida na baɗi.