Tudun Botrange, Inda Dusar Ƙanƙara Ke Ƙwace Sitiyari

Duk wanda ya taɓa leƙa tashar jiragen ruwa ta Duwala, ko ya zaga wuraren sayar da motoci a Yawunde da Garwa, ya san cewa yawancin motocin da muke hawa sun ci zamaninsu a Turai kafin su iso hannunmu. Da yawa daga cikinsu ta Beljiyam suke fitowa. A birnin Burusal akwai wata unguwa da ake kira Heyvaert, wadda tun shekarun 1980 ta yi suna wajen cinikin tsofaffin motoci. Daga nan ake kwasarsu zuwa tashar Antwerp, a loda su a jirgi zuwa Kwatano da Lome da Duwala. Mu kuwa in za mu saya, fenti muke dubawa, mu saurari ƙarar inji, mu biya. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne irin hanyoyin da motar ta bi a can, da abin da hunturunsu ya yi mata. Labarin da muka kawo wa masu karatu ke nan a wannan wata, domin mun je mun gani.

A tsakiyar watan Janairu na 2024 ne mai masaukinmu a Burusal, wani dattijo mutumin Yawunde da ya daɗe a can, ya ce ba za mu koma gida ba sai mun ga wurin da ya fi ko'ina tudu a ƙasar. Muka ɗauki babbar hanya zuwa Liyej, tafiyar kimanin kilomita 100, muka zarce zuwa Eupen, garin da yake cikin Beljiyam amma Jamusanci mutanensa suke ji. Daga Eupen hanya ta fara hawa, ta ratsa wani kurmi mai duhu, har ta fitar da mu wani fili da ake kira Hautes Fagnes, watau fadama bisa tudu. Ko'ina fari fat, ba ka iya gane inda kwalta ta ƙare da inda jeji ya fara sai da sandunan da aka kakkafa a gefen hanya.

A tsakiyar filin akwai wani tsohon masauki, Baraque Michel, inda a da ake kaɗa ƙararrawa domin matafiyan da hazo ya ɓatar su bi sautin su tsira. Gaba kaɗan sai Botrange, mai tsawon mita 694. A shekarar 1923 aka gina wata matakala ta mita 6 a wurin, don mutum ya hau ya ce ya kai mita 700. Mu da muka san Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, sai da muka yi dariya. To, amma a wannan ɗan tudu dusar ƙanƙara ta fi saurin sauka, ta kuma fi daɗewa, fiye da sauran sassan ƙasar. Kusa da shi kuma akwai filin tseren motoci na Spa-Francorchamps, mai tsawon kilomita 7 da ɗan ɗoriya, shi ya sa samari masu son mota suke sha'awar hanyoyin yankin.

Ɗan mai masaukinmu yana cikin irin waɗannan samari. Shi ne yake gabanmu a ranar, cikin wata 'yar gajeruwar mota mai kujera biyu, irin ta tsere, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Muna gangarawa wajen garin Malmedy, a wata kwana da inuwar itatuwa ta rufe, sai muka ga bayan motar ya goce. Ta juya a hankali kamar ana murza ta da hannu, ta daki ƙarfen gefen hanya da ƙafar gaba ta dama, ta tsaya tana fuskantarmu. Uban ya fita a guje.

"Kai yaro, lafiya kake?"

"Lafiya lau, Baba. Ban ma yi gudu ba, bayanta ne kawai ya tafi."

Gaskiya ya faɗa, bai yi gudu ba, kuma ya ɗaura bel, ko ƙwarzane bai yi ba. Bakaniken da ya zo ya ja motar zuwa garejinsa shi ya warware mana abin da ya faru. Irin wannan mota ƙafafun baya ne suke tura ta. In direba ya ɗan taka totur a cikin kwana, ƙarfin injin ya fi abin da tayar za ta iya riƙewa a kan santsi, sai bayan ya nemi wuce gaban. Tayoyinta kuma masu faɗi ne, na lokacin zafi, waɗanda robarsu takan sandare da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tayar hunturu tana da taushi da ƙananan tsaga-tsaga masu cizon dusar. A Jamus, wadda iyakarta ba ta da nisa da wurin, tun shekarar 2010 doka ta wajabta irin wannan taya duk lokacin da hanya ta yi ƙanƙara. A Beljiyam ba a tilasta wa kowa ba. A kan ƙanƙara kuwa, nisan da mota take ci kafin birki ya tsayar da ita yakan kai ninki goma na busasshiyar kwalta.

Direbobinmu da suka saba da jan laka a farkon damina sun san maganin abin: a sassauta ƙafa daga totur a hankali, kada a danna birki da ƙarfi, a karkata sitiyari wajen da bayan motar ya nufa. Tun watan Nuwamba na 2014 kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai tana da na'urar ESP mai taimakawa wajen hana gocewa, amma ita ma ba ta iya komai in taya ba ta kama ƙasa ba.

Da muka kalli motar a gareji, ɓarnar ba ta da yawa a ido: bamba ta fashe, fitila ɗaya ta tafi. Sai da aka ɗaga ta sama muka ga sauran. Ƙarfen taya ya lanƙwashe, sandar da ta haɗa sitiyari da ƙafa ta karkace, hannun da yake riƙe da ƙafar shi ma ya motsa daga mazauninsa. Bakaniken ya ce irin waɗannan ƙarafa ba a miƙe su da wuta da guduma, sabbi ake sawa, domin ƙarfen da ya lanƙwashe sau ɗaya yakan karye ba sallama. Bayan haka aka auna ƙafafun huɗu da kwamfuta, aka duba shasi ko dukan ya kai gare shi. An yi sa'a bai kai ba. Bayan mako guda motar ta fito da tayoyin hunturu huɗu, uban ya biya yana ƙorafi, domin a can da awa ake lissafin aikin bakanike.

Wannan tsadar aiki ita ce ta shafe mu. In kuɗin gyara ya fi darajar mota, kamfanin inshora yakan ce ta tashi daga aiki, a sayar da ita ga dillalai da araha. Wasu daga cikinsu gyaran Allah da Annabi ake yi musu, wasu kuwa bamba da fenti kawai ake canzawa, a bar karkatacciyar ƙafa yadda take. Ga kuma gishirin da ake watsawa a hanyoyi duk hunturu don narkar da ƙanƙara, wanda yake cin ƙarƙashin mota da tsatsa shekara da shekaru, alhali samanta yana ƙyalli.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda zai sayi mota 'yar Beljiyam ya tafi da bakanikensa, a hau da ita kan rami a duba cikinta da tocila. A duba ko tayoyin gaba sun fi cinyewa ta gefe ɗaya. A tuƙa ta a miƙaƙƙiyar hanya a ga ko tana ja dama ko hagu. A dubi tazarar ƙofofi da murfin inji ko sun yi daidai, a ɗora maganaɗisu a jikin ƙarfen, domin ba ya kama inda aka cike da ƙullu. A kuma tambayi takardar Car-Pass, wadda tun 2006 take nuna ainihin kilomitocin da mota ta ci a Beljiyam. Motar da za ta ɗauki iyali daga Ngawundere zuwa Garwa ta cancanci a ɓata mata awa guda kafin a miƙa kuɗi. Sai mun sadu a wata mai zuwa.