Sandar Da Ke Riƙe Bayan Mota

Duk wanda ya san hanyoyin ƙasar Barno ya san cewa bayan mota ne ke fara gazawa tun kafin inji ya yi tari. Daga Maiduguri zuwa Dikwa da Gamboru Ngala ƙasa ce baƙa mai yumɓu, da damina ta riƙe taya kamar danƙo, da rani kuwa ta dare ta yi tauri. Hanyar Baga kuma, ga rairayi ga lodin banda. Abin da ke shan wannan wahala duka shi ne aksul na baya, watau ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafun baya biyu, mai ƙullu a tsaka kamar tulu, inda haƙoran da ke juya tayoyi suke.

Ni ba bakanike ba ne, amma na tashi a hannun kawuna, Allah Ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motoci a wani gareji kusa da Tashar Baga. A wurinsa na fara ganin wata sandar ƙarfe da ake ɗaura wa aksul daga ƙasa, ta taso daga wannan gefe, ta bi ta ƙarƙashin tulun, ta ƙare a wancan gefe, da noti a kowane kai. Na daɗe ina tsammani dabarar mutanenmu ce, sai daga baya na fahimci ta girme mu duka. Motocin farko da yawa da ita suka fito daga masana'anta. A Amurka ma, zamanin Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, 'yan kasuwa sun riƙa sayar da irin wannan sanda dabam ga masu ɗora wa motar kaya fiye da ƙarfinta. Ashe son lodi ba a kanmu aka fara ba.

Dalilin sandar ba shi da wuyar ganewa. Tayoyi suna tallafe da aksul daga bakin gefe, nauyin mota kuwa yana sauka ta kan sifirin daga ciki. Yau da gobe sai tsakiyar ta sunkuya, kan tayoyin ya karkata ciki. Daga nan taya ta soma cinyewa ta gefe guda, mai ya riƙa tsatsafowa, boris ya yi zafi, wata rana kuma sandar da ke juya taya ta karye a inda babu gari kusa. Mai mota ya yi ta zagin masu sayar da taya, alhali kuwa ba su da laifi.

To, a wajen ɗaurin ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Kawu ba ya taɓa noti sai an sauke kaya, an ɗaga motar da jak, an tokare ta sosai. Sa'an nan ya ja zare daga wannan ƙafa zuwa waccan, ya duƙa ya rufe ido ɗaya yana dubawa. In ya juya notin dama rabin zagaye, sai ya zaga ya yi wa na hagu daidai haka, ya sake awo. Yakan ƙwanƙwasa sandar da sifana ya kasa kunne: in ta yi ƙara a dushe, da sauran sako-sako, in kuwa ta yi tsini ainun, an wuce wuri. Domin kuwa wanda ya matse ta da yawa ya lanƙwasa aksul sama ke nan, ya gudu daga wata ɓarna ya faɗa wata. Bayan an sauke motar an ɗan zaga da ita, sai ya sake shiga ƙasa ya duba, kana ya ɗaure noti na biyu a kan na farko.

Aikin yakan ci wuni guda, masu mota kuwa ba su son haka. Na sha jin wani yana cewa, "Malam, a ɗaure kawai, lodi na jira." Kawu ya ce, "Alhaji, in sauri kake yi, ga mai walda can." Mai walda kuwa zai manna ƙarfe a aksul ɗin yadda ya same shi, a karkace, ya kulle cutar a ciki har abada.

Motocin da na gani a garejin nan yawancinsu Land Rover ne da akori-kura ta Peugeot 404, daga baya 504, bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Ba su zo da sandar ba, kanikawa ne ke ƙera musu ita gwargwadon lodin mai su. Turawa suna adana irin waɗannan motoci don sha'awa, su wanke su fito da su ranar biki. A wurinmu tsohuwar mota jari ce, ita ke ciyar da gida. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya riƙa tare hanyoyi, da yawa suka zauna a kan duwatsu shekara da shekaru, ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024 kuma ta zo ta cika wa waɗansu tulun da ruwa da taɓo.

Abin da ke damuna shi ne, samarin kanikawa na yanzu sun ƙware a na'urar gano cutar inji, ba na kuma raina musu wannan, amma na'urar ba ta ganin aksul da ya sunkuya. Kwanan baya na tambayi yara uku a wani gareji ko sun san awo da zare, ɗaya ne kawai ya ce ya taɓa ganin maigidansa yana yi. Na ce ya roƙe shi ya nuna masa tun dattijon yana iya duƙawa, ya ce zai yi in aiki ya yi sauƙi.