Dutsen Tingilin da tambayar wani ɗalibi

Duk shekara idan sanyi ya kama, cikin watan Janairu, mu malamai mukan kwashi 'yan ajin ƙarshe mu hau Dutsen Tingilin da ke arewa da Garwa. Da asuba muke fita, kowa da gorar ruwansa, domin idan rana ta take ba mai iya hawa. Daga bisa ana hango Kogin Binuwai kwance kamar zare, ga gari, ga hanyar Pitowa. A nan muke zaunar da yara mu ba su labarin mutanen Fali, waɗanda suka fake a duwatsun nan sa'ad da Fulani suka kafa mulki a ƙarni na 19.

To bana muna saukowa sai wani yaro ya tsinci ɗan farin dutse mai ƙyalli, ya ce, "Malam, nawa za a sayi wannan?" Muka yi dariya, muka ce ai ƙanƙara ce, ko dala ba ta yi. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ashe wansa, wanda mu muka koyar da shi, ya ajiye karatu ya ƙetara Nijeriya, yana haƙar shuɗin yakutu, wato safaya, a Mambila wajen Nguroje.

Muka yi masa bayani irin namu na malamai. Tingilin dutsen yashi ne, ita kuwa safaya a ƙasar da aka yi aman wuta ake samunta, kamar Mambila da wajen Tinyer a Adamawarmu. Ruwa ne ke wanko ta cikin rafuka, mai haƙa ya yini a rami yana rairayar tsakuwa, wani ya yi wata uku bai ga komai ba. Wanda ya dace kuma dillali ne ke yanka masa kuɗi, ribar tana can Tailan inda ake gasa dutsen a goge shi.

Ya saurara har muka gama, sannan ya ce wansa ya aiko wa babarsu kuɗin kwanon rufi. Nan muka yi tsit. Mu da muka ga yadda aka zabtare albashin malamanmu har sau biyu a 1993, kuma yau da kyar muke kai ƙarshen wata, da wane baki za mu ce masa alli ya fi shebur?

Dutsen yana aljihunsa har muka iso gida. Jarrabawar BEPC ta matso, kuma kowace safiya kujerarsa muke fara dubawa kafin mu kira suna.