Gwadon Baba a Duwatsun Riruwai

Mai karatu, in ka kalli fim ɗin Braveheart na Mel Gibson wanda ya fito a 1995, za ka tuna mazajen Sikotlan da zanen ulu a ƙugu, su na ta tsallake duwatsu. Masana tarihi sun ce an yi wa zanen riga malam masallaci, don William Wallace ya mutu a 1305, shi kuwa wannan ɗauri sai a ƙarni na 16 ya bayyana. Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne yadda mutanen can su ka riƙi zanen nasu: da rana sutura, da dare mayafi. Na ce, ashe gwadon mu ne!

Shekara goma sha ɗaya na yi a wata masaƙa a Bompai kafin a garƙame ta, kamar yadda aka yi wa da yawa a Sharada da Challawa a shekarun 2000, lokacin da rashin wuta da yadin Sin su ka taru su ka danne mu. A nan na saba da raina saƙar hannu. Injin mu ya na zubo yadi kamar ruwa, to me masaƙin ƙauye zai nuna mani? Baba, Allah ya ji ƙan sa, bai taɓa yi mani musu ba. Ya dai bar mani gwadon sa, baƙi mai ratsin fari. Kakar mu ce ta kaɗa abawar da mazari, wani masaƙi a ƙasar Kura ya saƙa, aka rina da baba.

Bara da hunturu abokai su ka shirya hawan duwatsun Riruwai, can Doguwa, bayan an wuce dajin Falgore. Kowa ya sayo rigar sanyi a gwanjo, ni na ɗauko gwado. Uwargida ta ce, "Malam, kayan gado za ka kai wa ƙaya? In ya yage wa zai saƙa maka wani?" Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har mota.

Kwana uku mu ka yi. Da asuba na kan lulluɓa har ka, rana ta yi in naɗe shi a kafaɗa, wurin hutu in shimfiɗa a kan dutse. Ba zan ɓoye maka aibin sa ba: auduga ce, ba ulu ba. In ya sha raɓa sai ya yi nauyi, ga sanyi, sai an shanya. Ƙarangiya kuwa ta maƙale masa har sai da na yi zaman cire ta. Amma ƙayar da ta farke rigar wani abokin mu har audugar ciki ta fito, a jikin gwado zare ɗaya ta ja, na mayar da shi da yatsa.

Rana ta uku mu na gangarowa, santsi ya kwashe ni, gefen gwadon ya sarƙe a reshe. Na ji ƙiiii! Wallahi gaba na ya faɗi. Da na duba, ashe saƙar ba ta yi komai ba. Ka san gwado ba falle ɗaya ba ne, siraran layuka ake saƙawa a haɗa su da allura. Ɗinkin da ke tsakanin layi biyu ne ya ɓalle, kamar kamu ɗaya. Hikimar ke nan: wahala in ta zo, ɗinki ke ɗauka, a bar saƙa lafiya. Shekara goma sha ɗaya a gaban inji ban san wannan ba.

Wuyar ta na gida. Telan unguwar mu ya ce keke zai taka masa da zaren roba, na hana. Na shiga Kurmi, na leƙa marinar Ƙofar Mata, sai da na yi mako biyu kafin a haɗa ni da wani dattijo mai ɗinkin hannu. Ya shafa gwadon, ya ce, "Yaro, wanda ya saƙa wannan ya na tsoron Allah." Na tambaye shi almajiran sa, ya ce duk sun koma tuƙin adaidaita sahu.

Ka duba fa, garin da Heinrich Barth ya shigo a 1851 ya tarar tufafin sa na kaiwa har Timbuktu! Gwamnatin Birtaniya ta hana mutanen Sikotlan zanen su da doka a 1746, aka janye a 1782, yau da shi su ke zuwa ɗaurin aure. Mu babu wanda ya hana mu, da kan mu mu ka ajiye.

Don haka in akwai gwado ko saƙi a ƙasan adakar gidan ku, fito da shi ka yafa. 'Yan fim kuma, in za ku yi labarin da, ku sayi na masaƙa, ku daina yaudarar mu da yadin kanti. Nawa dai an ɗinke shi, ya na jiran hunturun bana.